Daminar da Ta Rage

"Baba, me yaƙin Bama ya cinye maka?" in ji 'yar jaridar, tana matso da rakoda kusa da bakinsa.

Tsohon ya riga ya ba ta labarin jirgin ruwan da ya kwashe su daga Ikko, da dajin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, da sojojin Japan masu laɓewa a kan bishiyoyi. Waɗannan ba su da wuyar faɗa.

Abin da bai faɗa ba, damina shida ya yi yana nome gonar mahaifin wata budurwa, kamar yadda ake neman aure a wurinsu. Saura ɗaya Turawa suka ɗebe shi daga Kontagora. Da aka kawo labarin ya mutu, sai ƙanensa ya ɗauki garmarsa ya ƙarasa noman, don kada gumin gidansu ya tafi a banza, aka kuma ba shi budurwar.

Ya dubi tsohuwar da ke ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakin marigayi ƙanensa.

"Damina ɗaya, 'yata," ya ce. "Ita kaɗai."

Hannun tsohuwar ya tsaya cak a cikin ƙwarya.