Jinyar Murjanatu

Cokali biyu na ruwa, a jira minti goma, sannan a ƙara biyu. Abincin Murjanatu ke nan tun da aka fito da ita daga ɗakin tiyata. Matar da a da take tashi da malmala uku ta tuwo, yanzu an yanke tumbinta an bar mata ɗan abin da bai wuce girman ayaba ba.

Ba don kwalliya ta yi ba. Kilo ɗari da talatin da takwas, ga ciwon suga, ga gwiwa, ga shekara tara da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Dakta Chuwang ya ce in ƙibar ta sauka, ana sa ran haihuwa. Mijinta Ɗanbala, mahauci a Abatuwa, shi ya sa hannu a takarda yana tsokanarta, wai a dai rage masa kaɗan, kada a dawo masa da mata kamar sillen kara.

Ya raka ta har ƙofar tiyata, ya ce bari ya leƙa kasuwa ya dawo. Bai dawo ba. Tirela ta bi ta kan babur ɗinsa a Titin Bauchi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Yayarta Zinariya ce ke jinya. A gindin gadon ta tare likita, Murjanatu na kwance ido rufe da robar iska a hanci, ta gaya masa abin da ya faru tana toshe baki da mayafi.

"Hajiya, kada a gaya mata yanzu," in ji shi. "Jininta ya hau, ɗinkin kuma ɗanye ne. Kuka mai ƙarfi ko amai zai iya ɓalle shi a ciki. Ki ba ni sati biyu."

Sati biyu! Zinariya fa, wadda ko sirrin anko ba ya kwana a cikinta. Amma ƙanwa ɗaya gare ta a duniya, don haka ta wanke fuska ta shirya ƙarya. Da Murjanatu ta buɗe ido, aka ce mata an kira Ɗanbala Mubi ɗauko shanu, wayarsa kuma ta faɗi a mota.

"To, Allah Ya tsare," ta ce, ta juya fuska bango.

Ranar sallama aka yi rigima. Zinariya ta so tafiya da ita gidanta a Naraguta, nesa da bakin maƙwabta. Murjanatu ta kafe, ita ɗakinta za ta koma, ko da jan ciki ne. Dole aka mayar da zaman makoki gidan wan mijin, aka bi matan layi ɗaya bayan ɗaya ana roƙonsu su riƙe bakinsu.

Jinyar ta zo da tsirfa iri-iri. Zinariya ta sa turaren wuta, Murjanatu ta ce a fitar, yana tayar mata da zuciya. An miƙo mata kwalli, ta ce idonta na ƙaiƙayi. Atamfofinta masu haske, wai suna gogar ciwon, sai wata tsohuwar doguwar riga ruwan toka. Likita ya ce ta riƙa tattaki, ita kuwa ko zaure ba ta leƙawa, sai dai ta dafa bango ta zagaya tsakar gida a cikin sanyin nan na Jos.

"Ke dai Murja, tun kina yarinya ba ki iya ciwo ba," Zinariya kan ce, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Kullum da safe abokan sana'ar Ɗanbala sukan aiko da ƙashi daga Abatuwa. Zinariya ta dafa, ta kwashe kitsen, ta tace romon sau biyu, ta ce Ɗanbala ne ya bar sallahu. Murjanatu ta kurɓi cokali biyu, ta daɗe tana kallon kwanon. Ita kuma Zinariya ta shige banɗaki, ta saki famfo, ta yi kukanta. Wallahi ta tsani kanta a kwanakin nan. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar da sikeli ya nuna kilo bakwai sun tafi, ta rasa wa za a yi wa albishir.

Ranar kwana goma sha huɗu suka koma asibiti. Dakta Chuwang ya duba ƙananan ramuka biyar da aka huda mata a ciki wajen tiyata, ya auna jini, ya ɗaga wa Zinariya kai.

A gida Zinariya ta zaunar da Murjanatu bakin gado, ta kama hannunta. Duk abin da ta haddace ya gudu.

"Murja, ki yafe min. Akwai maganar da..."

"Ya ce ɗinkin ya kama, ko Yaya?"

"Ya kama."

"Ko na yi kuka ba zai ɓalle ba?"

Zinariya ta saki hannun. Murjanatu ta kwantar da kai a cinyarta, kafaɗunta suka fara rawa.

"Ran da kika gaya wa likita a kan gadona, idona ne bai buɗe ba, Yaya, amma ina jin ku. Yau kwanana goma sha huɗu ina takaba."