Koren Zare a Hannun Tanimu

Tun da aka kawo allurar da ke sa sojojin jikin namiji barci, duk wanda aka yi wa a Azare sai an ɗaura masa koren zare a hannu, don kada kowa ya matse shi ya shafa masa cuta, tunda jikinsa ba ya iya kare kansa. Tanimu tela ya karɓi tasa bayan likita ya gano cewa jikinsa ne ke kai wa maniyyinsa hari har ya kasa motsi. Ashe rashin haihuwar duk shekarun nan ba laifin matarsa Kubura ba ne.

Ran Juma'a ya ce zai je gaida mahaifiyarsa.

"Malam, Inna fa tari take yi," in ji Kubura. "Ka manta maƙwabcinmu Sallau? Mura kawai ya yi da zaren nan a hannu, aka yi sunan ɗansa babu shi a duniya."

"Ta taga zan gaishe ta."

Ta dama kunu, ta bi shi. A hanya mutane suna darewa, suna yi masa sannu daga nesa.

Kubura ce ta shiga ɗaki, ta tallafo tsohuwar zuwa bakin taga. Inna ta daɗe tana kallon ɗanta, ta jingina da surukar da ta sha yi wa gori. Tanimu bai san sa'ad da ya miƙa hannu ba.

"Kul!" Inna ta ce, tana toshe baki da mayafi. "Ja baya, ɗan nan. Jikan da nake roƙon Allah, tare da ubansa nake son ganinsa."