Ranar Da Bai Ba Ta Haƙuri Ba

Zakiyya ta dawo daga karɓar maganin ciwon daji a gajiye, ta tarar da saurayinta Hammajoda a zauren gidansu na Gwallaga.

"Ka janye maganar aurenmu," ta ce, tana jan mayafi kan inda gashinta ya zube. "Na gaji da jin 'ki yi haƙuri'."

"Ba haƙuri na zo ba ki ba. Na je wurin Sista Jemima, mai sauraren damuwarku a asibiti. Ta ce in ƙyale ki ki yi kuka."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zauna bakin tabarmarsa, ta saki kukan da ta danne wata shida. Bai tashi ba.