Agogon Ladan

Ka ce sai hannunka ya yi nauyi za ka leƙa gida, wai kada ka je wa tsofaffi da abin da bai taka kara ya karya ba. To, gyara zama ka ji abin da ya sami wani tela, Tanimu.

Tanimu maraya ne. Ƙanen mahaifinsa, Baffa Sallau, ladanin ƙauyensu, shi ya riƙe shi, shi ya sayar da tunkiyarsa ɗaya tilo ya saya masa keken ɗinki, har ya zama mutum ya kama shago a birni. Shekara talatin da 'yan kai Baffa yana kiran salla bai taɓa ɗaura agogo ba. Asuba zakara da gamzaki ke gaya masa. Azahar da La'asar fili yake fita ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, Magariba kuma ya dubi yamma ta bayan rimin maƙabarta. Ba shi da babbar gona, ba shi da sarauta, wannan kiran sallar shi ne mutuncinsa a gari. Da tsufa ya kama shi ido ya fara dushewa, sai ya aika wa Tanimu saƙo ta bakin direban motar kasuwa: a nema masa agogon hannu, ko wane iri, in dai lambobinsa manya ne. Azumin bana a tsakiyar damina zai faɗo, kuma in hadari ya rufe rana babu inuwar da mutum zai auna.

Tanimu bai yi sanya ba, ran nan ya rufe shago ya tafi wurin mai agogo a bakin kasuwa. Aka miƙo masa wani baƙi na roba, fuskarsa fara, lambobi ɓaro-ɓaro, ko daga bakin ƙofa ka karanta. Kuɗinsa bai wuce na ɗinkin riga ɗaya ba. Har ya sa hannu a aljihu, sai idonsa ya faɗa kan wani mai sarƙa, ruwan zinare, yana kwance cikin ɗan akwatinsa. Nan zuciya ta fara yi masa huɗuba: mutumin da ya rabu da tunkiyarsa saboda kai, shi za ka kai wa agogon roba irin na 'yan makaranta? Me mutanen gari za su ce? Ka ji fa. Tsoho yana neman abin duba lokaci, shi yana neman abin nuna wa mutane. Mai agogo ma sai da ya ce masa, "Malam, in na dattijo ne, wannan baƙin ya fi." Tanimu ya ajiye shi, ya ce ɗinkin Salla na tafe, in an sha ruwa zai dawo ya ɗauki mai sarƙar.

Kuma ba mantawa ya yi ba. Yana taka keke yana hango Baffa da zinare a wuyan hannu, yana jin daɗin kansa. Can ƙauye kuwa, duk ranar kasuwa tsoho sai ya dogara sanda ya je tasha ya tambayi direba ko akwai saƙo. Direba ya ce babu.

Ranar sha tara ga azumi, bayan La'asar, hadari ya taso daga gabas ya rufe gari ruf. Kowa ya gudu gida, aka bar Baffa shi kaɗai a masallaci. Ya dubi bayan rimi, duhu. Ya ga kaji sun shige akurki. Ya jira, ya ƙara jira, tsoron jinkirta wa masu azumi ya kama shi, sai ya kira Magariba. Gari duka ya sha ruwa, daga mai dabino har mai kunu. Ba a gama suɗe kwano ba hadari ya baje, rana ta fito ja jawur, da sauranta kafin ta faɗi. Sai da kowa ya rama azumin ranar. Babu wanda ya zage shi, da ma zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Liman da dattawa ne suka zo har zaure, suka ce ya yi ƙoƙari, Allah ya saka, ya huta haka nan. Aka ba wani mai sauran ƙarfin ido ladanci.

Kwana uku bayan Salla Tanimu ya sauka daga mota da akwatinsa a aljihu, ya ji ana kiran La'asar da muryar da bai sani ba. Ya iske Baffa a zaure kan buzu, ya rame. Tsoho ya buɗe akwatin, ya kawo agogon dab da idonsa. Babu lamba ko ɗaya, sai 'yan siraran layuka masu ƙyalli. Ya shafa shi, ya mayar.

"Allah ya yi maka albarka, Tanimu. Kyakkyawa ne. Kai wa sabon ladan, kada abin da ya same ni ya same shi."

Da ƙafarsa Tanimu ya kai, kunya da baƙin ciki sun hana shi ɗaga kai. Baffa ya ƙara shekara biyu a duniya yana bin sahu kamar kowa, ba a sake jin muryarsa a gari ba. Agogon kuwa har yau yana hannun wancan mutumin.

Saboda haka ka tashi da abin da ke hannunka tun ana buƙatarsa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.