Hadari a Wurin Aiki

Matata ta banko ƙofar ɗakin bincikenmu, takalmi a hannu, yayana na biye yana haki.

"Ina ka ji ciwo?" ta ce, tana laluben kaina.

Har yau abin yana damuna. Saƙo na tura mata: "An samu babban hadari, mun kasa gano dalilinsa." Da yake wayata ba ta sa wa baƙaƙe ƙugiya, haɗari ta karanta.

Na nuna musu hoton hadarin, yana juyawa a wata duniya mai nisa.

Yayana ya ce, "To, can za mu je jaje?"

Ta sa takalminta a hankali. "Malam masanin taurari, hadarin da zai taso a gida yau kam, ka san dalilinsa."