Kada a Taɓa Jar Tarakta

Tun da aka buɗe ƙofar filin baje kolin tsofaffin taraktoci, Verlin Hofstra bai zauna ba. Ya cusa tikitinsa a aljihu, ya wuce masu sayar da dafaffiyar masara ko kallo ba su ishe shi ba, ya nufi jar taraktar da ke ƙarshen layi.

Ya zagaya ta, ya sake zagayawa. Ya san inda aka yi mata walda a ƙarƙashin kujera, ya san irin tarin da take yi kafin ta tashi da sanyin safiya. Mahaifinsa ne ya sayo ta sabuwa fil, kuma a kanta ya koyi huɗa a gonarsu ta jihar Iowa tun ƙafarsa ba ta kai birki ba.

Yau kuwa mutane kamar an aiko su. Wata mata ta jingina da taya za ta ɗauki hoto, ya kore ta. Wani ya ɗora gwangwanin lemo a kan murfin injin.

"Kai, teburin gidanku ne?" Verlin ya daka masa tsawa. "Ido aka ce, ba hannu ba. Ba ka ga igiya ba?"

Ya zaro hankici ya goge wurin har sai da ya ga fuskarsa a fenti. Sauran masu taraktoci na zaune a kujerunsu ƙarƙashin lema. Duk wanda suka haɗa ido da shi, sai ya kau da kai.

Lasifika ta sanar da cewa za a fara jerin gwano, injuna suka shiga tari ɗaya bayan ɗaya. Ana haka sai ga wani ƙato mai jan gemu ya tsallake igiyar, ko neman izini babu, ya taka ya haye kujera.

Verlin ya zabura. Ya yi tsalle ya cafke ƙafar wandonsa.

"Sauko! Na ce sauko!"

"Mista Hofstra, don Allah..." in ji mutumin a hankali.

"Au, ka san sunana, ladabi ne ba ka sani ba?"

Jama'a suka fara taruwa. Verlin ya hango Lorna, mai kula da tsarin filin, wadda suka yi makaranta tare, ya ƙwala mata kira.

"Lorna! Zo ki fitar min da wannan daga filin nan!"

Ta ratso taron ba gaggawa. Ko kallon mai jan gemun ba ta yi ba. Hannun Verlin ta kama, tana ɓamɓare yatsunsa daga wandon.

"Sake shi, Verlin, kada layi ya bar shi," in ji ta. "Kai da kanka ka miƙa masa mabuɗinta bara, ranar da aka yi gwanjon gonarka."