Ɗakin Tsohuwa da Bai Sha Yaɓe Ba

Kai da kake murnar an kira ka aikin wata shida a wata jiha, zauna ka ji na wani magini. A garinsu al'ada ce kafin saukar damina maza su yi gayya, su kwaɓa ƙasa, su bi gida gida suna yaɓe soraye. Yau naka, gobe na maƙwabcinka. Shi wannan magini hannunsa ya fi na kowa kyau, kuma ɗakin mahaifiyarsa shi ake fara yi. Sai zamani ya juya, aiki ya koma na kwangila. Babu mai ɗaukar mutum dindindin, sai dai a ce ga kwalbati na wata uku, ga makaranta ta wata biyar. Ana gamawa a sallami kowa, wanda ke tsaye a wurin shi ake kwasa zuwa na gaba. Wanda ya ce bari ya leƙa gida, kafin ya dawo an maye gurbinsa. Magini ya shiga wannan sahu. Ya gina ajujuwa a garuruwan da bai iya faɗin sunansu daidai ba, ya rufa asibitin da ko allura ba zai taɓa sha a ciki ba. Duk bazara tsohuwa ta aiko masa cewa soro ya fara tsagewa, duk bazara ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ana gama wannan ina tafe." To, wannan ɗin ba ya ƙarewa, wani ke haifar wani.

A shekara ta huɗu ya ga hadari ya fara haɗuwa, sai ya aika gida a taimaka a yi wa ɗakin gayya. Wa zai fito? Rabin majiya ƙarfin garin suna can suna bin kwangila kamarsa. Waɗanda suka rage kuwa suka ce shekara huɗu bai kwaɓa wa kowa ƙasa ba, su ma nasu sorayen na jira. Ba mugunta ba ce, gayya ƙafa ce, sai ka taka wa wani ake taka maka. Da marka ta kankama, ruwa ya kwana uku yana zuba, azara ta jiƙa, soron ya rufta da hantsi tsohuwa na ciki tana tsintar wake. Saƙo ya same shi a kan tsani da cokalin gini a hannu. Ya iso an riga an dawo daga maƙabarta.

Ya durƙusa a kan ɓaraguzan, ya damƙi ƙasar ya murza, ya ga aikin wuni ɗaya ne da ya hana wannan. Ina wurin a ranar, ya yi kuka irin wanda ban so in sake ganin babban mutum yana yi ba. Ban ce kada ka je neman abinci ba, amma ka tafi da sanin abin da Hausawa suka faɗa: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.